Alluna Biyu a Supertubos

Ni na fara ɗora 'yata Iolanda a kan allon hawan igiyar teku, tana 'yar shekara bakwai, a ruwan Baleal inda igiyar ruwa ke zuwa a hankali ba ta da faɗa. Na tsaya ruwa iya ƙirji, na riƙe wutsiyar allon, na tura ta. Ta faɗi, ta sha gishiri, ta taso tana dariya ta ce a sake. Tun daga ranar, duk allon da ta hau ni na zaɓa mata. Na hannu nake saya wurin masu koya wa baƙi hawan ruwa, in kai gida in toshe ramukansa, don dama aikina ke nan: faiba, wato ƙyallen zaren gilashi da danƙo, nake liƙa wa jiragen kamun kifi a tashar jiragen ruwa ta Peniche, tun da ciwon baya ya raba ni da fita teku. Kuma kullum mai kauri nake zaɓa. Na taɓa yini a ruwa rungume da akwatin kifi bayan jirginmu ya kife, saboda haka ba wanda zai koya mini amfanin abin da ba ya nutsewa.

Bana ta cika sha tara. Ƙungiyar masu hawan ruwa ta garinmu ta ce za ta zaɓi yarinya ɗaya 'yar gida ta shiga babbar gasar Supertubos, kuma ranar da babban ruwan kaka mai manyan igiyoyi ya fara shigowa za a duba masu neman gurbin. Ni ko sunan wurin ba na son ji a bakinta. Can igiya miƙewa take tsaye, ta naɗe kamar bututu, ta zubo a kan yashin da ruwansa bai kai ƙugu ba. Na ga an fito da ƙarti a kan hannu.

Muna cin abinci ta ce, "Baba, gobe in ka tashi aiki ka kai ni wurin Mestre Valdemar. Allo zai sassaƙa mini."

"Wane ne kuma Mestre?"

"Haba Baba, kai ma ka sani."

Na sani mana. Ajinmu ɗaya da Valdemar a firamare. Lokacin da muka shiga jirgi muna jan raga, shi ya tattara ya tafi Ostireliya, ya dawo da furfura a ɗaure a ƙeya da injin sassaƙa allo. A garinmu shugaban jirgin kamun kifi ake ce wa Mestre. Na ƙare ƙuruciyata a teku ba a taɓa kirana da sunan ba, ga shi yau 'yata ta ɗauka ta ba mutumin da bai taɓa jan raga ba.

Na ce, "Allonki fa? Me ya yi?"

"Bai yi komai ba. Na Baleal ne."

Matata Noémia ta ƙara mini miyar kifi, ta ce, "Ci abincinka, Armindo. Kai ta kawai aka ce ka yi."

Shagon Valdemar ɗaki ne ba taga, bangonsa shuɗi, fitilu dogaye a gefe daidai ƙugu, farar ƙura ko'ina kamar an zazzage buhun fulawa. Muka same shi ya sunkuya a kan farin soson da ake sassaƙa allo da shi, ya rufe ido ɗaya yana duban gefensa.

"A'a, Mindo mai faci! Jirgin wa ya huje?"

"Bakinka ne ya huje tun muna aji uku, har yau ba a sami mai toshe shi ba."

Ya yi dariya, ya kaɗe hannu, ya juya wajen Iolanda. Daga nan na zama kamar ƙusar da ke bango.

"Kilo nawa kike yanzu?"

Na ce, "Hamsin da biyar."

Ya ƙare mata kallo, ya ce, "Da tara dai."

"Da tara ne, Baba," in ji ta, a hankali.

Ya jawo wani soso sabo, ya kwantar, ya zaro fensir daga bayan kunne. "Kina danna ƙafar baya da ƙarfi, wannan ba laifi ba ne, zan matsar miki da faɗin baya kaɗan. Amma kina jinkirin miƙewa. Allonki ya lalata ki, shi yake kama miki igiya tun daga nesa, ke kuwa kina tashi kamar mai jiran a kawo kofi. A Supertubos wannan jinkirin wuya yake karyawa."

"A ina ka ga duk wannan?" na ce.

"A kan tudun yashi. Tun bazara nake kallonta."

Tun bazara. Ni ina tasha hannuna cikin danƙo, wani yana zaune yana karanta ƙafar 'yata. Na dube ta, na ga ba ta yi mamaki ba, wato ta san yana zuwa.

Ya fara zana layi yana magana. Tsawo ƙafa shida da inci biyu. Faɗi inci sha takwas da rabi. Wutsiya siririya mai tsini don ta riƙe bangon ruwa, hanci kuma a ɗage shi sama kada ya soke. Kauri inci biyu da kwata, gefe kuwa a fiƙe shi. Duka-duka girman jikinsa lita ashirin da shida.

"Na yanzu talatin da uku ne," na ce. "Ka zare bakwai. Wannan ko mage ba zai ɗauka ba."

"Mindo, ruwan Baleal rago ne, sai allo ya taimaka masa, shi ya sa ake ba shi faɗi da kauri. Na Supertubos ƙarfi ya yi masa yawa. Abin da take bukata allon da zai kama ruwa da gefensa, wanda kuma za ta iya nutsar da shi in igiya ta fashe a gabanta."

"Nutsarwa! Kin ji ko? Na kawo 'yata wurin mai yin abin da ke nutsewa."

"Baba, don Allah."

"Kai jirgi ka sani," in ji Valdemar. "Wannan ba jirgi ba ne."

Iolanda ta yi dariya. Ƙarama ce, ta ma yi saurin haɗiye ta, amma na ji, kuma da ita na tuƙa mota har gida.

Daga ranar gidanmu ya cika da Mestre. Mestre ya ce ta rage burodi. Mestre ya ce ta riƙa gudu a yashi. Mestre ya ce fiffiken da ke ƙarƙashin allo na baya ya fi na gefe muhimmanci a ruwa mai tsayi. Da safe kafin ta tafi kantin da take aiki sai ta biya ta shagonsa, ta dawo da farar ƙura a gira. Wata rana ta nuna mini hoto a wayarta: an gama sassaƙa, kuma kamar yadda masu aikin suke yi, ya rubuta da fensir a jikin siririn katakon da ke ratsa tsakiyar allo. Sunanta, awon allon, sai sunansa a ƙasa. Za a rufe da faiba, ya zauna har abada, daidai inda ƙirjinta zai kwanta.

Noémia tana wanke kwanuka ta ce, "Kishi kake yi da mutumin da ko kare ba shi da shi a gida."

"Tsoro nake ji, ba kishi ba."

"Tsoro ba ya sa mutum ya daina gaishe da abokinsa a kasuwa."

"Ba abokina ba ne. Kin ga allon? Kamar wuƙar yanka kifi. In ruwa ya danne ta me za ta kama?"

"To je ka faɗa mata."

"Ba ta jin tawa yanzu."

"Ka gani ko?" in ji ta, ta ci gaba da wanke-wankenta.

Ranar Asabar na ce zan je garin Ericeira duba wani jirgi. Na je ne na sayo soso, can inda labari ba zai kai kunnen Valdemar ba. Na kai shi rumfar baya a tasha, na kafa masa gadon katako. Me ke cikin abin? Na gyara cikin jirgin da ya fi shagon nan nasa girma. Faiba kuwa ko ido a rufe zan shimfiɗa ta ba kumfa ko ɗaya.

Ban yi masa gardama a kan komai da komai ba. Tsawon da ya faɗa shi na yanka, ƙafa shida da inci biyu. Wutsiyar ma na yi ta mai tsini, kada a ce ban saurara ba. A kauri muka rabu. Duk sanda na ɗora injin zan zare soso, sai in ga Iolanda a ƙarƙashin ruwa tana laluben abin kamawa, sai hannuna ya ɗage. Na bar masa ciki. Gefen na mulmula shi ya yi taushi kamar burodi, don ko ya buge ta kada ya yanka. Hancin ban ɗage shi sosai ba, saboda jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki ya fi zama daram. Da na zo faiba na ninka ta biyu, yadda ko an jefa shi a dutse ba zai karye ba. Na shafa masa fenti ruwan lemo irin na tayar ceto, don in iya hango ta daga ko'ina. Kafin in rufe, na ɗauki fensir na rubuta sunanta a jikin katakon tsakiya, a ƙasa na sa Baba.

Duk hutun cin abincin rana na watan nan a rumfar na yi shi. Abokan aiki suna leƙowa suna cewa Armindo ya zama Mestre, ni kuma ban hana su ba.

Ranar Lahadi bayan coci na shigo da shi falo a naɗe cikin bargo. Allon Valdemar ya riga ya iso, yana jingine a bayan ƙofar ɗakinta, fari fes, siriri.

"Buɗe ki gani."

Ta buɗe. Ta shafa rubutun da yatsa, ta ɗago ta dube ni, idonta ya kawo ruwa.

"Kai ka yi? Da hannunka?"

"Da ƙafata zan yi?"

Sai ta yi abin da duk mai hawan ruwa yake yi da sabon allo: ta saƙale shi a hammata, ta ɗan jijjiga, ta kama gefen da tafin hannu. Hannunta bai zagaye shi ba. Na ga kafaɗarta ta ɗan sauka saboda nauyi. Wani abu ya gifta a fuskarta ya wuce.

"Ya yi kyau, Baba. Ya yi kyau sosai."

"Ba zai nutse ba. Ko ke da uwarki kuka hau."

"Ni kada a sa ni ciki," in ji Noémia daga ƙofar kicin. Kallon da ta yi mini ban so shi ba, sai na juya mata baya.

Ruwan ya shigo wata safiyar Talata. Tun daga gida ake jin rugugin, iska kuma daga tudu take busowa, irin wadda masu hawan ruwa ke roƙo. Na aika wa shugaban aikinmu cewa ba zan zo ba. Iolanda ta sa alluna biyun a bayan mota, ban tambaye ta da wanne za ta shiga ba, amma duk hanya ina kallonsu a madubi, fari da ruwan lemo, suna gogar juna.

Tudun yashin ya cika. Mutanen ƙungiya sun kafa tebur da na'urar hangen nesa. Wasu 'yan mata uku suna ɗumama jiki. Abokan aikina ma sun sulale sun zo, da kofi a hannu, wai su ga jirgin Armindo a ruwa. Igiya ta miƙe, ta yi duhu, ta naɗe, ta tofar da feshi ta baki.

Valdemar ya iso lokacin da nake sauke allunan. Ya tsaya a kan na ruwan lemon, ya cire tabarau.

"Mindo, ina injinsa? Ko da filafili ake tuƙa shi?"

Abokan aikina suka fashe da dariya, su da suka zo taya ni. Na ji kunnuwana sun yi zafi. Iolanda tana zuge rigar ruwanta, ta dubi masu dariyar, ta dube ni. Sai ta sunkuya ta ɗauki na ruwan lemo, ta fara goga masa kakin da ke hana santsi.

Dariyar ta tsaya.

"Iolanda," in ji Valdemar.

"Da wannan zan fara, Mestre."

Ta ɗaura maɗaurin da ke hana allo tsere wa mai shi a ƙafa, ta gangara. Valdemar ya kama ni a gwiwar hannu, ya ja ni gefe. Wasan ya bar fuskarsa.

"Kira ta. Wasa nake yi maka, na yi kuskure, amma kira ta. Allon nan ba zai shiga ƙarƙashin ruwa ba, kuma gefensa ba zai kama ba."

"Kai ka kira ta mana. Ba kai ne Mestre ba?"

"Ba za ta ji tawa ba. Don kai take yi."

Don ni take yi. Maganar ta sauka mini a ƙirji kamar ruwan sanyi a ranar zafi. A gaban abokan aikina, a gaban mutanen ƙungiya, a gaban mai furfurar nan, 'yata ta bar nasa a yashi ta ɗauki nawa. Na zare hannuna daga nasa, na harɗe su a ƙirji, na hau tudu inda zan fi gani.

Sauran 'yan matan suka shiga tare da ita. Igiyar farko ta fashe a gabansu, farin kumfa ya taho kamar bango. Su ukun suka danna hancin allunansu, suka shige ƙasa, suka ɓullo ta baya. Iolanda ta danna nata. Na ga bayanta ya tashi, ta sa gwiwa, ta sa dukan nauyinta. Allon ya ƙi. Ya tsaya a sama kamar yadda na yi shi ya tsaya, kumfan ya kwashe su ita da shi ya mayar da su baya. Ta sake kwantawa, ta sake tuƙawa da hannu. Ta biyu ta zo ta yi mata haka. Ta uku ta juya ta, na ga ruwan lemo yana birgima shi kaɗai, sannan kanta ya fito.

"Za ta wuce," na ce, ban san wa nake gaya wa ba. "Ƙarfi gare ta."

Ta wuce ɗin, da ruwan ya ɗan lafa, amma lokacin wata yarinya 'yar garin Atouguia har ta hau igiya biyu. Ina hango Iolanda zaune a kan allon, ta yi sama fiye da kowa, kafaɗunta na hawa da sauka. Launin ya yi aikinsa, ba inda za ta ɓace mini.

Sai ga wata ta taso, babba. Ta juya ta fara tuƙi. Allon ya kama ta da wuri, na ji daɗi, na ce ka gani. Ta miƙe. Igiyar ta rame a ƙarƙashinta, ta zama bango tsaye, Iolanda ta karkata don ta soka gefen allon a jikin ruwan. Gefen nan da na mulmula bai shiga ba. Ya zame, hancin ya soke, sai na ga 'yata a iska, hannuwa a buɗe, leɓen igiyar ya biyo ta ya rufe.

Ban san sanda na sauko daga tudun ba. Na ji bayana ya amsa, ban tsaya ba. Allon ya yi tsalle sama, ya dawo, yana ja da maɗaurin. Ita ba ta fito ba. Na shiga ruwa da takalmina ina kiran sunanta, wata igiya ta buge ni na durƙusa. Da na miƙe sai na ga kanta, can gefe, bakinta a buɗe. Kumfa ya turo ta har inda ƙafarta ta taɓa ƙasa.

Na kama ta. Tana tari, yashi cike da gashinta, ta dafe kafaɗar hagu inda allon ya same ta.

"Ba komai, Baba. Ni ce na yi jinkiri."

"Kafaɗar fa? Ɗaga hannun in gani."

Ta ɗaga, ta yamutsa fuska, amma ya ɗagu. Ta tofar da ruwa, ta jawo allon da maɗaurin, ta juya shi ya fuskanci teku.

"Ina za ki?"

"Akwai sauran lokaci. Na fara gane shi. In na matsa baya kaɗan..."

Ƙarya take yi, kuma ba ta iya ba, tun tana ƙarama ba ta iya ba. Ba ta duban idona. Za ta koma cikin ruwan nan da abin da ta san ba zai riƙe ta ba, ta bar wa 'yar Atouguia gurbin da ta shekara tana nema, ko ta bar wuyanta a yashi, don kada a yi wa ubanta dariya a tasha.

Na durƙusa a ruwan, na laluba idon sawunta, na ɓalle maɗaurin.

"Baba, me kake yi?"

"Tsaya nan. Kada ki motsa."

Na saƙale allona a hammata na haura. Sai a lokacin na ji nauyinsa da gaske. Mutane suka dare mini hanya. Valdemar yana tsaye kusa da motata, ya riga ya goga wa farin allon kaki, ya ɗaura masa maɗauri, amma bai sauko da shi ba. Ya miƙo mini.

"Kai za ka kai mata," ya ce.

"Ban tambaye ka ba."

Na jefar da nawa a yashi, na karɓi nasa. Ba shi da nauyin komai, yatsuna suka zagaye gefensa. Na tsani yadda ya zauna mini a hannu. Na gangara da shi a gaban kowa, sunan mutumin nan yana manne da haƙarƙarina, na shiga ruwa na ɗaura mata da kaina.

"Je ki. Kuma ki daina tashi kamar mai jiran kofi."

Ta buɗe baki za ta yi magana, igiya ta taho, ta kwanta ta tafi. Kumfa ya zo, ta danna hancin, ta ɓace gaba ɗaya. Sai ga ta can baya, tana tuƙi.

Ban koma tudu ba, na tsaya a bakin ruwa ina ɗiga. Farin allo a cikin farin kumfa, sau da yawa ba na ganinta, sai in yi ta ƙirga kawuna. Ta bar biyu suka wuce. Ta uku ta juya mata, ta miƙe tun kafin in ankara, ta sauka a jikin bangon, gefen allon ya shige ruwa ya riƙe. Igiyar ta naɗe a kanta, ta rufe ta ruf. Na ji tudun ya yi tsit. Feshi ya fito, ita ma ta fito a cikinsa, a tsugune, hannu ɗaya na shafar ruwa.

Ihun da aka yi har ma'aikatan kamfanin kifin gwangwani da ke kusa sun leƙo. Ni ban yi ihu ba, na zauna a jiƙaƙƙen yashi.

Ta hau wasu biyu kafin a busa ƙaho. Mutanen ƙungiya suka ce sai sun zauna kafin su faɗi wadda suka zaɓa, amma na ga yadda suke nuna ta da biro. Na je mota na ɗauko tawul, na tsaya inda za ta fito.

Ta fito tana haki, fuskarta kamar an kunna fitila. Ta wuce ni da taku biyu.

"Mestre! Ka ga ta farkon? Wutsiyar ta riƙe, wallahi kamar an kafa ta da ƙusa. Amma a ta ƙarshe na ji hancin yana ɗan rawa."

"Kin matsa gaba da yawa ne. Zo in nuna miki."

Suka tsuguna a kan allon, kai da kai, yana zana mata wani abu a yashi da yatsa. Na tsaya da tawul a hannu. Allona yana can gefe, wasu yara baƙi sun zauna a kai suna cin biskit. Ba ta tambayi inda yake ba. Kishin nan da Noémia ta faɗa ya sake taso mini, bai ragu ko kaɗan ba.

Ta miƙe tana ta zuba, ta zuge rigar ruwan, ta yi ƙoƙarin zare hannun hagu, kafaɗar ta hana. Ba ta daina magana da Valdemar ba, ba ta ma waiwayo ba, ta miƙo hannun baya, wajen da ta san ina tsaye.

Na rataya tawul ɗin a wuya, na kama bakin hannun rigar, na ja a hankali saboda kafaɗar.